Yadda Ake Shirya Makaranta Kafin a Buɗe Ta a Lokacin Annoba

Ranar 19 ga Maris 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a Najeriya saboda annobar korona. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne suka fara komawa ranar 4 ga Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran yara kuwa a yawancin jihohinmu sai a watan Oktoba. Sanarwar buɗewa ta zo da takardar ƙa'idoji, amma ba ta zo da bokiti ko sabulu ba. Aka bar hedimasta da iyaye masu tambaya, da malamai masu fargaba, da aji mai yara fiye da ɗari.

Bayan korona mun ga kwalara a daminar 2021, mun ga mashaƙo wanda ya fi yin ɓarna a Kano a 2023. Kowace cuta da hanyar da take bi, amma shirin makaranta kusan ɗaya ne. Na rubuta wannan ne domin sabon hedimasta, ko mai makarantar kuɗi, ko shugaban Islamiyya da irin wannan rana za ta riska. Ka riƙe abu guda tun daga farko: hankalin iyaye da malamai yana kwanciya ne da abin da suka gani ana yi kullum. Tsarin da ba za ka iya riƙe shi har ƙarshen zango ba, kada ka yi alkawarinsa.

Kayan da za ka tanada

- Bokiti mai murfi da famfo a jikinsa, da roba ta tarar ruwan datti a ƙasa. Ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a bakin banɗaki, ɗaya ga kowane aji biyu ko uku.
- Duro ko tanki na ajiye ruwa, mai murfi.
- Sabulu, ko omo da robobin ruwan sha na lita ɗaya da rabi.
- Bilic irin su JIK ko Hypo, da tsummoki, da safar hannu ta roba ga masu goge-goge.
- Na'urar auna zafin jiki ta goshi, da batirin canji.
- Takunkumin yadi na ajiya domin yaran da suka zo babu.
- Igiya ko tef na awo, da alli ko fenti.
- Sabon littafi babba guda biyu: ɗaya na lambobin wayar iyaye, ɗaya na marasa lafiya.
- Ɗaki ko inuwa ta keɓe yaro, da tabarma ko benci, da ruwan sha, da fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa a ba mai gudawa.

In kuɗin bai kai ba, fara da ruwa da sabulu, sannan bilic, na'urar auna zafi ta zo a ƙarshe. Na ga makarantu da suka fara da sayen na'urar saboda ita ce baƙo yake gani a ƙofa, alhali bokitinsu a bushe yake.

1. Ka san wanda za ka kira

Kafin komai, ka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku ka karɓi umarnin buɗewa a rubuce, da ƙa'idojin da jiha ta gindaya. Daga nan ka wuce asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da makaranta, ka gaisa da mai kula da shi, ka karɓi lambarsa. Ka roƙe shi lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Ka rubuta lambobin biyu a bangon ofis, tare da 6232, layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa.

2. Zauna da malamanka kafin ka tara iyaye

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Malami shi zai tsaya a gaban yara tun safe har azahar, kuma shi iyaye za su tare a masallaci ko a gidan suna su tambaya. In shi kansa a tsorace yake, ko yana ganin an jefa shi ne kawai, abin da zai faɗa a waje zai rusa duk abin da ka gina.

Ka tara su, ka bar su su yi magana. Za ka ji abubuwa iri uku. Na farko tsoron kamuwa, musamman ga dattawa, da masu hawan jini ko ciwon sukari ko asma, da malamai mata masu juna biyu. Waɗannan ka yi magana da su ɗaya bayan ɗaya a ofis, ba a gaban jama'a ba. Ka ba su ajin da ya fi iska da ƙarancin yara, ko ka mayar da su aikin makin da rajista, ka cire su daga tsaron ƙofa da kula da ɗakin keɓewa.

Na biyu shi ne ƙarin aiki. In aji ya rabu biyu, darasi ɗaya zai zama sau biyu, kuma malami yana da gaskiya in ya tambayi wa zai ɗauki nauyin. Ka zana jadawalin tare da su a kan allo, kowa ya ga rabonsa. Na uku kuɗi ne. Malaman makarantun kuɗi da yawa sun shafe watannin kulle na 2020 ba albashi, wasu sun koma kasuwa ko gona ba su dawo ba. In kai mai makaranta ne, faɗa musu gaskiyar abin da za ka iya biya da ranar da za ka biya. Kada ka ce "za a duba".

A ƙarshen zaman ku tsayar da doka guda: malamin da ya tashi da zazzaɓi ko tari ya yi waya ya zauna a gida, ba za a rubuta masa fashi ba, ba za a taɓa albashinsa ba. In babu wannan doka, zai sha farasitamol ya shigo aji.

3. Ruwa da wanke hannu

Ka zagaya makarantar ka amsa wa kanka: daga ina ruwan zai riƙa zuwa kowace safiya, wa zai ɗebo, wa zai biya? In akwai rijiyar burtsatse ko tuƙa-tuƙa da ta lalace, gyaranta shi ne aikin farko da za ka kai gaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai. In babu, ku yi yarjejeniya da mai garuwa guda, ya riƙa kawo kura tun kafin yara su iso, a biya shi duk mako. Kada ka dogara da cewa yara za su zo da ruwa daga gida. Kwana uku za a yi a daina.

Bokiti mai famfo, wanda ake kira bokitin Veronica da sunan Veronica Bekoe, 'yar Ghana da ta ƙirƙiro shi, kowane mai gyaran famfo zai haɗa maka: ya huda bokitin kusa da gindi, ya ɗaura kan famfon roba, a ɗora a kan kujera ko bulo. In ba ka da kuɗinsa, akwai dabarar galan. Ka kafa itace biyu masu gwafa, ka gicciya sanda a sama, ka rataya galan ta lita huɗu ko biyar ta hannunta. Ka huda ƙaramin rami da ƙusa mai zafi a kafaɗarta, ƙasa da murfi kaɗan. Ka ɗaura igiya a wuyan galan, ɗaya bakin igiyar a jikin wata sanda da ke kwance a ƙasa. Yaro ya taka sandar, galan ta sunkuya, ruwa ya zubo siriri, hannunsa bai taɓa komai ba. Ka haƙa ɗan rami a ƙarƙashi ka cika da tsakuwa don kada wurin ya zama caɓi. Wannan dabara ba ta cin ruwa, kuma manyan ɗalibai suna jin daɗin haɗa ta da kansu.

Sabulun sanda yana da ƙafa a makaranta. Ko dai ka huda shi ka rataye da igiya, ko ka yi ruwan omo: giram 30 na omo, wato kimanin ƙaramin ƙulli, a robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin. Yaro ya matsa kaɗan a tafinsa, ya cuɗa baya da ciki da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20 aƙalla, ya ɗauraye da ruwa mai zuba.

Gargaɗi babba: kada ka ajiye baho ɗaya cike da ruwa kowa ya tsoma hannu. Yaro na goma a cikin dattin tara na gabansa yake wanke hannu. In famfo ya karye, a sa monita ya riƙa zuba wa 'yan ajinsu da buta.

Man sanitaiza ka bar shi ga ofis da malamai, kuma ka duba kwalbar ta nuna sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari ko sama. Ba ya aiki a hannun da ya yi ƙasa ko maiƙo, kuma ƙananan yara suna shafa shi a ido.

4. Aji, iska da rabon zuwa

Takardar ƙa'idojin Ma'aikatar Ilimi ta 2020 ta nemi tazarar mita 2 tsakanin ɗalibai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce aƙalla mita 1. Ka ɗauki igiya mai tsawon mita ɗaya ka shiga aji da kanka. Ka auna, ka sa alamar alli ko fenti a inda kowane yaro zai zauna, a kan benci ko a ƙasa in zaman tabarma ake yi. Bencin da ya saba ɗaukar huɗu zai koma biyu. Ka ƙirga alamomin, ka kwatanta da yawan sunayen da ke rajista. Wannan lissafi shi zai gaya maka gida nawa za ka raba ajin.

Hanya biyu ce. Ko dai 'yan safe da 'yan rana, ko kuma rabon kwanaki: wasu Litinin da Laraba, wasu Talata da Alhamis, Juma'a a riƙa karɓa-karɓa. Ni na fi son rabon kwanaki a makarantar gwamnati, kuma ga dalili. Da yawa daga cikin makarantunmu, da an tashi boko Islamiyya ce take shiga azuzuwan da yamma, kuma yaran nan dai su ne ɗalibanta. In ka ƙirƙiro zaman rana ba ka zauna da shugaban Islamiyyar ba, ka jawo rigima da unguwa, kuma iyaye za su zaɓi Islamiyya. Ko wace hanya ka bi, ka kira shi ku tsara tare, domin in kai ka raba yara da safe shi ya cusa su a ɗaki ɗaya da la'asar, wahalarka ta tashi a banza. Ka kuma yi ƙoƙari 'yan gida ɗaya su faɗo rana ɗaya, saboda yayyen ne suke riƙo hannun ƙannensu.

Tagogi da ƙofa su kasance a buɗe muddin yara suna ciki. Tagar da aka buga wa ƙusa saboda ɓarayi, a cire a sa mata sakata. Cututtukan numfashi irin korona da mashaƙo sun fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso. Matsalar za ta taso da hunturu, lokacin da yara za su ce sanyi, malami ya ja taga. Ka ba da izinin sa rigar sanyi kowace iri ce a kan yunifom, ka jinkirta shiga aji da rabin awa, amma tagogin su zauna a buɗe. In kana da darbejiya ko maina mai inuwa a fili, ka fitar da aji ɗaya can da allo mai ƙafa.

Taron safe na dukan makaranta a dakatar da shi. Kowane aji ya yi addu'a da taken ƙasa a wurinsa.

5. Shara da goge-goge

Makarantar da ta daɗe a rufe, ka fara da sare ciyawa saboda macizai, da duba rufi da ramin banɗaki. Sai a wanke benci da ƙasa da ruwan omo. Bilic bayan wanki yake zuwa, domin datti yana kashe ƙarfinsa.

Ka duba jikin robar bilic ɗin. In ta nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, awo ɗaya na bilic a awo 34 na ruwa shi ne na goge benci, hannun ƙofa, kan famfo da butocin banɗaki. A bokitin lita 10, kimanin mililita 300 ke nan. Inda aka yi amai ko gudawa ko jini, a ƙara ƙarfi: awo ɗaya a awo 6 na ruwa. A bar shi a wurin aƙalla minti ɗaya kafin ya bushe, na amai kuwa a ba shi kamar minti goma. A haɗa sabo kowace rana, a ajiye a inuwa, a kulle robar a ofis.

Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da yake tashi yana illa ga huhu. Kada kuma a fesa shi a jikin yara da sunan kashe cuta. Kuma wannan aikin manya ne, ba na 'yan firamare ba. Feshin da ake zuwa a yi sau ɗaya kafin buɗewa ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin tsumman da za a bi hannun ƙofa da shi kullum.

6. Taron iyaye

Sai ka gama matakan baya za ka kira iyaye, kuma a cikin makarantar za a yi, a fili, domin gani ya kori ji. Ka sanar ta bakin mai unguwa da limamai. Iyaye mata ka ware musu nasu zaman da malamai mata, ko a bi su ta makarantun matan aure, domin uwa ce take sanin yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce kuma take yanke ko zai fita.

Kowa ya wanke hannu a ƙofa kafin ya shigo. Ka zagaya da su aji su ga alamomin zama, su ga duron ruwa, su ga ɗakin keɓewa. Bayan nan ne za a zauna.

Iyaye kashi biyu za ka tarar. Akwai wanda ya rasa wani nasa, ko ya tuna mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020, yana tsoron yaro ya kwaso cuta ya kai wa kakarsa. Akwai kuma mai cewa babu wata korona, ko ciwon masu kuɗi ne. Na farko kada ka ce masa babu abin da zai faru, domin ba a hannunka yake ba. Ka gaya masa abin da aka sani: korona ta fi tsananta ga tsofaffi da masu ciwo a jiki, yara galibi tana zo musu da sauƙi, kuma ga abin da za mu yi ranar da wani ya kamu. Ka ba shi shawara yaro ya wanke hannu ya canza kaya kafin ya shiga ɗakin tsohuwa. In ya ce zai riƙe ɗansa na ɗan lokaci, kada ka yi barazanar cire sunansa. Ka riƙa aika masa aikin gida ta hannun maƙwabcinsa.

Na biyu kuma kada ka tsaya musu da shi a gaban jama'a. Ka ce, "Alhaji, ko babu ita, akwai amai da gudawa, akwai mura, wanke hannu bai taɓa cutar da kowa ba." Ka bar liman ya kawo hadisin da ya hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka. Daga bakinsa ya fi shiga.

In hukuma za ta turo masu rigakafi makaranta, kamar yadda aka yi lokacin mashaƙo, ka faɗa a wannan taro, ka sa rana, ka nemi yardar iyaye. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma shakkun da ya biyo baya yana cikin abin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Uban da ɗansa ya dawo gida da shaidar allura ba a gaya masa ba, gobe ba zai turo shi ba.

Kafin a watse, kowa ya rubuta lambar waya a littafi, tasa ko ta maƙwabci. Ku amince da doka guda: yaro mai zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro ko gudawa ba zai zo ba, kuma ba za a doke shi don ya yi fashi ba. In akwai gudummawar kuɗin ruwa da sabulu, iyaye su yanke adadin da kansu, ma'ajin ƙungiyarsu ya riƙe, kada kuma a kori yaro saboda ita.

7. A bakin ƙofa

Malamai biyu su riga yara zuwa. A ja layuka a ƙasa, a buɗe ƙofa da wuri, a kuma daina tsare 'yan latti a cunkushe wuri ɗaya. Mai auna zafi ya tsaya a inuwa. Yaron da ya sha tafiya a rana zai iya nuna zafi alhali lafiyarsa ƙalau, don haka in na'urar ta kai 37.5 a zaunar da shi minti goma a sake aunawa. Za ka ji jita-jitar cewa na'urar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ta harba komai cikin kai, zafin da fata take fitarwa kawai take karantawa. Ka auna kanka a gabansu. In ba ka da na'ura, malamin aji ya dubi fuskar kowane yaro lokacin kiran suna, ya tambaya wa ya kwana ba lafiya, wa ke da majiyyaci a gida.

Game da takunkumi, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2020 saboda korona ita ce kada a sa wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, 'yan 12 zuwa sama kuma su sa kamar manya. Na tsakani ya danganta da yadda cutar ke yaɗuwa a gari. Telan unguwa zai ɗinka na atamfa mai ninki biyu ko uku. Kowane yaro ya sami biyu, a rubuta sunansa, a wanke kullum. Ka sa ido a kan musaya, domin yara suna ba juna aron takunkumi a bayan katanga don su wuce ƙofa.

8. Lokacin tara

A nan tsari yake rushewa. Ka raba fita tara gida biyu ko uku. Randa mai moɗa ɗaya a ɗauke ta, kowa ya zo da robar ruwansa. Masu awara da ƙosai da ɗanwake kada ka kore su, za su koma bayan katanga ne inda ba ka gani. Ka ba su wuri, ka ajiye musu bokiti, su rufe abinci, yara su bi layi. A lokacin kwalara ka fi tsananta a nan da kuma bakin banɗaki.

9. Ranar da yaro ya kwanta

A kai shi ɗakin keɓewa cikin natsuwa, malami ɗaya mai takunkumi ya zauna da shi, a kira gida. Kada a haɗa shi da wani ɗalibi ya raka shi. A rubuta sunansa, ajinsa, alamomin da aka gani da waɗanda suke benci ɗaya. In gudawa ce mai kama da ruwan shinkafa, a fara ba shi ORS nan take a wuce asibiti. In babu fakiti, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ciwon maƙogwaro ne da kumburin wuya, asibiti kai tsaye, kada a tsaya kemis.

In yara biyu ko uku a aji ɗaya suka nuna alama iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ka kira jami'in ƙaramar hukuma ranar. Rufe aji ko makaranta shawararsa ce tare da ofishin ilimi. Naka shi ne ka sanar da iyayen ajin da bakinka kafin labari ya riga ka a WhatsApp, ba tare da ambaton sunan yaron ba. Ranar da ya warke ya dawo, malamin ajin ya tarbe shi, ya kuma tsawatar wa duk wanda ya laƙaba masa suna.

10. Waɗanda ba su dawo ba

Bayan mako biyu ka ɗauki rajistar kafin rufewa ka bi suna-suna. Za ka tarar an kai wasu koyon sana'a, wasu suna talla, wasu 'yan matan manyan azuzuwa an sa musu rana. Ka ba malamin aji da mutum ɗaya daga SBMC sunayen, su je gida su gaisa, kada a aika takarda. Uwar da ta ce tallan yarinyar ne cefanen gidan, a nuna mata rabon kwanaki, cewa kwana biyu ko uku ne a mako.

Waɗanda suka dawo kuma kada a ɗora daga inda manhaja ta tsaya. Darussan rediyo da jihohi irin Kano da Kaduna suka riƙa watsawa lokacin kulle ba kowane gida suka shiga ba. Makon farko a gwada kowane yaro shi kaɗai, ya karanta layi biyu na Hausa, ya yi lissafi uku. A ware awa ɗaya kowace safiya ana maimaita karatu da lissafi bisa matakin da aka same shi, har tsawon wata guda, sannan a koma manhaja. Duk ranar Alhamis kuma kai da ma'ajin iyaye ku leƙa duro, ku ƙirga sabulu da bilic da suka rage, a biya mai garuwa kuɗin mako mai zuwa.